Dashen Itatuwa: Tun Daga Cikin Leda Ake Gane Wanda Zai Rayu

Duk shekara da zarar damina ta kankama, wajen watan Yuli zuwa Agusta, sai ka ji kafafen yaɗa labarai sun ɗauki batun gangamin dashen itatuwa. Gwamna ko kwamishina zai tsuguna, a miƙa masa ɗan tsiro a cikin baƙar leda, ya sa a rami, ya ba shi ruwa, a yi tafi, a ɗauki hoto, sannan a sanar da jama'a cewa bana an raini tsiro miliyan kaza. Abin da ba a cika sanarwa ba shi ne guda nawa daga cikin na bara suka ƙetare rani da ransu. Idan kuwa aka matsa da tambayar abin da ya kashe su, amsa a shirye take: awaki ne suka ci, gara ce ta cinye, ruwa ne ya ɗauke da wuri. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ya riga waɗannan duka, wanda ba a cika kawo shi cikin zance ba, shi ne abin da aka cika ledar nan da shi wata huɗu ko biyar kafin ranar bikin.

Itacen da ya tsiro da kansa a daji yana da 'yancin tura saiwarsa duk inda ta ga dama, ta bi danshi, ta kauce wa dutse. Wanda aka raina a leda kuwa fursuna ne, duniyarsa gaba ɗaya ba ta wuce cikin moɗa biyu ba. Saboda haka dole ɗan abin da ke cikin ledar ya yi masa ayyuka da dama a lokaci guda, wasunsu ma kamar suna karo da juna. Ya riƙe ruwa, amma kada ya jiƙe sharkaf. Ya bar ƙofofin da iska za ta kai ga saiwa, domin saiwa ma numfashi take yi. Ya ciyar da tsiron. Sannan ranar da aka yage ledar ya kasance a dunƙule, kada ya wargaje ya bar saiwa tsirara. Abin da malaman daji suka gada a matsayin ƙa'ida shi ne a haɗa ƙasar sama da yashi da ruɓaɓɓen taki, galibi kashi biyu na ƙasa, ɗaya na yashi, ɗaya na taki, ko wani abu kusa da haka. A takarda ke nan. A aikace, idan kuɗi suka makara, lebura ya kan haƙi ƙasar da ta fi kusa da shi ne ya ɗura. Bayan an yi wata guda ana ban-ruwa safe da yamma, sai ƙasar ta daddale ta zama kamar tubali, ruwa ya riƙa kwanciya a sama ko ya zurare ta gefen leda, saiwa ta rasa hanya ta riƙa nannaɗe kanta a gindi kamar gammo. Irin wannan tsiro ganyensa kan yi kore shar a ranar biki, amma ya riga ya nakasa tun daga ƙasa. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji Hausawa, tun daga Laraba ake gane ta.

Ko da an bi ƙa'idar sau da ƙafa, akwai wani lissafi da ya kamata mai karatu ya yi tare da ni. Mu ƙaddara kowace leda tana cin lita 1. Leda miliyan 1 za ta ci lita miliyan 1, wanda ya yi daidai da a kankare saman gona mai faɗin hekta 1 har zurfin santimita 10. Idan rabin haɗin ne kawai ƙasar sama, to rabin hekta ke nan. A watan Satumba na 2019, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta dasa itatuwa miliyan 25. Sai mai karatu ya ninka. Ita kuwa ƙasar sama, wato wannan baƙin ɓangare mai albarka da shuka ke rayuwa a kansa, masana sun ce sai an ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin santimita ɗaya tak ta haɗu. Kuma ba a tudun rairayi ake samun ta ba, a fadama ne da gindin manyan itatuwa da gonakin da suka sha taki. Ashe muna iya wayar gari muna ɗebe fatar ƙasa mai kyau a wani wuri domin mu yaƙi hamada a wani wurin, tamkar wanda ya yanki gindin riga ya yi ƙari a wuya.

Batun ba ƙarami ba ne, domin rainon itatuwa a wannan yanki namu ba yau aka fara shi ba, ba kuma gobe za a daina ba. Tun a 1928 aka shigo da darbejiya ƙasar Barno, itacen da asalinsa na yankin Indiya ne, amma ya zauna da mu har muka raɗa masa sunaye: wasu su ce dogon yaro, wasu su ce maina, a Nijar kuma ka ji ana cewa bedi. Daga 1975 aka fara dasa layukan kare iska a kwarin Majiya da ke jihar Tawa. A arewacin Nijeriya ma layukan turare da darbejiya da aka dasa a Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato, musamman a shekarun 1980 da 1990, har yau matafiyi na ganin ragowarsu a gefen hanya. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Koriyar Ganuwa daga Senigal zuwa Jibuti, a 2015 kuma Nijeriya ta kafa hukumar da ke kula da nata kason a jihohi 11 na bakin hamada. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa kimanin hekta miliyan 4 aka farfaɗo, alhali burin shi ne hekta miliyan 100 kafin 2030. Ma'ana, aikin da ya rage ya ninka wanda aka yi sau da yawa, kuma kowane tsiro da za a raina sai an cika masa leda.

Ni da harkata ta nazarin harshe ce, abin da ya fara jan hankalina ga wannan batu shi ne abin da ya sami kalmar taki. A da, idan Bahaushe ya ce taki, ba ya bukatar ƙarin bayani, kowa ya san kashin dabbobi yake nufi da toka da sharar gida da suka ruɓe. Da na buhu ya zo, shi ne baƙo, shi aka yi wa laƙabi, aka ce takin zamani. Yau kuwa reshe ya juye da mujiya. Idan ka ji manomi yana kukan tsadar taki, ko ɗan siyasa yana alkawarin raba taki, na buhu ake nufi, ɗan gida shi ne ya koma sai an yi masa laƙabi, an ce takin gargajiya, kafin a gane shi. Irin wannan sauyi a harshe ba ya faruwa a banza, alama ce ta abin da al'umma ta ɗaukaka da abin da ta tura bayan ɗaki. Haka nan kalmar shara. Tushenta share ne, wato abin da tsintsiya ta tara, babu inda kalmar ta ce abin ba shi da amfani. Juji kuma, da a ce kakanninmu sun ɗauke shi abin ƙyama zalla, da ba su kwatanta shugaba da shi ba har suka ce babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Juji yana karɓar abin da kowa ya ƙi, ya haƙura da shi, bayan shekara ya mayar da shi abin da kowa ke so. Wanda ya taɓa ganin yadda kabewa ko gwanda ke haukan girma a kan tsohon juji ya san abin da nake faɗi.

Kuma a Kano wannan ba karin magana ba ne kawai, tsarin tattalin arziki ne. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya kuma shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin, ya bayyana yadda jakuna ke shigowa da itacen girki da amfanin gona, su fita da mangalolin taki. Da wannan zirga-zirga ce gonakin karkarar Kano suka jure noma shekara da shekaru ba tare da hutu ba, duk da cunkoson jama'a. Da mota ta karɓi aikin jaki, al'adar ba ta mutu ba; wani bincike da aka buga a 1995 ya nuna manoman gefen birni har biyan direbobi suke yi a juye masu sharar gari tifa-tifa a gona. Ashe abin da ake kira sabuwar dabara a tarukan ƙwararru, wato mayar da shara abincin shuka, tsohuwar sana'a ce a nan. Abin da ya rage shi ne a ɗauke ta daga gona a kai ta wurin rainon itatuwa, a kuma yi mata gyaran da leda ke bukata, domin abin da faffaɗar gona za ta haɗiye ta zauna lafiya, leda ba za ta iya ba.

Kayan aikin kuwa ga su nan zube. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera buntu ne, don haka duk inda injinan casar shinkafa suka yawaita, kamar Kura da Haɗeja da Argungu, za ka tarar da tsibinsa. Ga ɓawon gyaɗa, ga ƙaiƙayi a masussuka, ga garin katako a 'Yan Katako, ga tukar rake da ɓawonsa a kowace tasha. Kasuwannin 'Yan Lemo da 'Yan Kaba kullum sai sun zubar da ruɓaɓɓen lemo da kankana da tumatir da ganyen kabeji. A kwata, abin da ake zazzagewa daga tumbin shanu ciyawa ce da ta riga ta yi rabin narkewa. Ga kashin kaji daga gidajen gona. Ga kuma kacalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru ta hana masunta da manoma sakat. Duk wanda ya sare ta yana neman inda zai kai ta ne. Rahoton Bankin Duniya na 2018 a kan shara ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin abin da ake zubarwa ragowar abinci ne da ganyaye, wato abin da ke ruɓewa. 'Yan jari-bola, Allah Ya yi wa nemansu albarka, sun riga sun koya wa harshenmu cewa bola jari ce, sai dai ƙarfe da roba suke tsincewa, su bar wannan kaso mafi yawa yana wari yana toshe magudanan ruwa.

Sauran ƙasashe ma da irin wannan tambaya suka yi fama, kowa da amsar da muhallinsa ya ba shi. A Ingila, a shekarun 1930, wasu ma'aikata biyu na cibiyar John Innes, William Lawrence da John Newell, suka gaji da yadda kowane mai lambu ke haɗa tasa ƙasar da ka, suka yi gwaje-gwaje har suka tsayar da ma'auni guda: kashi bakwai ƙasa mai kyau, uku ruɓaɓɓen gansakukar fadama, biyu yashi. Daga baya wannan gansakuka, wadda ke ɗaukar dubban shekaru tana taruwa a fadamun ƙasashen sanyi, ta mamaye harkar raino a Turai baki ɗaya. Sai aka gano cewa waɗannan fadamu, duk da ba su wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, sun adana sinadarin kabon fiye da dukkan dazuzzukan duniya, kuma haƙar su na sakin sa cikin iska. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta bayyana aniyarta ta hana sayar da ita ga masu lambun gida a Ingila. Me aka koma nema a madadinta? Shara. Zaren ɓawon kwakwa daga Indiya da Siri Lanka, wanda a da tsibi ne da aka rasa yadda za a yi da shi, ya zama hajar da ake lodi a jiragen ruwa. A Afirka ta Kudu ɓawon itacen da masana'antun katako ke zubarwa ake ruɓarwa a raini tsiro a ciki. A Barazil, inda ake rainon turare da yawan gaske, babbakakken buntun shinkafa na cikin abubuwan da ake haɗawa da su. Mu da ba mu taɓa dogara da gansakukar Turai ba, ba mu da wata ɗabi'a da za mu sha wahalar yayewa.

Sai dai a nan ne ya kamata a yi hattara, domin ɗanyar shara kashe tsiro take yi. Wanda ya ɗebo sabon garin katako ya cika leda da shi zai ga ganyen tsironsa ya koma rawaya cikin 'yan makonni. Dalili shi ne ƙananan halittun da ke ruɓar da abu suna bukatar abinci iri biyu, kabon da naitirojin, kimanin kashi 25 zuwa 30 na farkon a kan kashi 1 na biyun. Garin katako kuwa kabon ɗinsa ya ninka naitirojin sau ɗaruruwa, don haka sai halittun su wawashe ɗan naitirojin da ke cikin ledar, su bar tsiro da yunwa. Ɗanyen kashin kaji kuma akasin haka ne, ƙarfinsa da gishirinsa sun yi yawa, ƙone saiwa yake yi. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyawa, yana kiran gara, gwazarma kuma ta samu gidan zama. Maganin duka ɗaya ne, a haɗa busasshe da ɗanye, a bar su su dahu tare kafin su kusanci leda.

Yadda ake yi ba wani asiri ba ne, kuma an daɗe da rubuta shi. Albert Howard ya tsara hanyar a garin Indor na ƙasar Indiya tsakanin 1924 da 1931, shi ma daga manoman wurin ya ɗauki darasi da yawa. Ana shimfiɗa busassun kaya kamar buntu ko ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, a bi su da ɗanyu kamar kashin dabbobi da sharar kasuwar gwari, a yayyafa ruwa, a sake wani hawan, har tsibin ya kai kamar ƙirjin mutum, a inuwa, a rufe da tsohuwar tabarma ko ciyawa saboda iskar hunturu. Laimar da ake so ita ce idan ka damƙi abin a hannu ka matse, ya dunƙule, amma ruwa bai zubo ba sai ɗigo ɗaya ko biyu. Cikin 'yan kwanaki tsakiyar tsibin zai ɗauki zafi har digiri 55 zuwa 65, kuma wannan zafi shi ne ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki. Wanda ba shi da ma'aunin zafi sai ya soka ƙarfe ya bar shi ɗan lokaci, idan ya zaro ya ji ba ya iya riƙe shi da daɗewa, to aiki na tafiya. Ana juya tsibin duk bayan mako biyu ko uku, na gefe ya koma tsakiya, domin kowane ɓangare ya ɗanɗani zafin. Idan wari ya tashi, ruwa ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Idan ya ƙi zafi, ya bushe ne ko ɗanyen kaya sun yi kaɗan. Bayan wata uku zuwa huɗu zai huce, ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, ba ka kuma iya gane ɓawon lemo daga kashin akuya. Sai a tankaɗe da rariya. Kafin a cika leda dubu da shi, hikima ita ce a cika gwangwani biyu ko uku a shuka irin da ke saurin fitowa, kamar tumatir ko alayyafo. Idan suka fito lafiya suka miƙe, takin ya nuna, idan suka ƙi fitowa ko suka ƙone a baki, a ƙara masa lokaci.

Buntu yana da tasa hanyar ta daban, domin yana da taurin kai, ba ya ruɓewa da wuri. Abin da ake yi shi ne a babbaka shi: a hura wuta a cikin gwangwani mai huji-huji da bututun hayaƙi, a tara buntun a kewaye, ya riƙa ci a hankali har ya yi baƙi kamar gawayi, sannan a kashe da ruwa kafin ya zama toka. Wannan baƙin buntu ba shi da nauyi, ba ya ɗauke da cuta, yana buɗe ƙasa iska ta shiga, kuma yana iya maye gurbin yashi. Rashin nauyin nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa ganin yadda ake lodin tsiro a amalanke ko a kan mata da yara zuwa filin dashe mai nisa. Leda mai cike da ƙasa da yashi ta kan haura kilo guda. Duk abin da aka rage a nauyinta ƙarin tsiro ne a kowane sawu.

Ba ina cewa a kori ƙasa daga leda gaba ɗaya ba. Takin da ya nuna bai kamata ya wuce sulusi zuwa rabin haɗin ba, idan kuma na kaji ne ya yi rinjaye a ciki, a rage ƙasa da haka. Sannan itatuwa irin su gawo da bagaruwa da dakwara suna da abokan zama a saiwarsu, wasu ƙananan halittu da ke kamo masu naitirojin daga iska, waɗanda zafin tsibi ke hallakawa. Ɗan kaso na ƙasar da aka ɗebo daga gindin babban itace irin wanda za a raina shi ke mayar da su. Makiyayi ya riga masani sanin wani abu makamancin wannan, domin ya daɗe yana ganin 'ya'yan gawo na tsirowa a inda awaki suka kwana; ƙwayar ta bi ta cikin dabba, ɓawonta ya yi laushi, ta faɗo tare da guzurin takinta.

Babban haɗarin yana cikin sharar birni ta yau, wadda ba irin ta zamanin jakuna ba ce. Ta wancan lokaci toka ce da kashin awaki da ganyen da aka naɗe abinci da shi. Ta yau cike take da leda da fasassun kwalabe da matattun batura, wani lokaci har da allurai da audugar asibiti. A Kano kuma akwai ƙarin damuwa, domin masana'antun jima na Calawa da Sharaɗa da Bompai suna amfani da sinadarin kuromiyam, shi kuwa irin wannan sinadari, kamar dalma, zafin tsibi ba ya kashe shi, ruɓewa ba ta rage shi. Wani zai ce ai itace ne, ba ci za a yi ba. To, wane itace? Zogale da kuka ganyensu muke ci, mangwaro da gwaiba da kashu 'ya'yansu muke sha, kuma hannun da ke cika ledar, galibi na mata ne da matasa, babu safar hannu. Don haka ra'ayina shi ne kada mai raino ya je babbar bola ya ɗebo abin da ya riga ya cakuɗe. A tare sharar tun daga tushenta, a injin casa, a kwata, a kasuwar gwari, inda abu iri ɗaya ne ke fita kuma an san asalinsa. Yarjejeniya tsakanin shugabannin kasuwa da masu raino, a ware wuri guda da ba a zuba komai sai ruɓaɓɓen kayan gwari, ta fi wata babbar masana'anta da za a ƙaddamar da kaɗe-kaɗe ta tsaya bayan shekara biyu saboda rashin wuta.

Akwai kuma masu ƙyamar aikin saboda tsarki. A mazhabarmu ta Malikiyya kashin dabbobin da ake cin namansu, shanu da awaki da tumaki, ba najasa ba ne matuƙar ba najasa suke ci ba, don haka mafi yawan abin da na lissafa babu abin cewa a kansa. Bayan-gidan ɗan Adam ne ke da magana. A Gana, tun daga farkon shekarun 2000 aka fara gwajin haɗa shi da sharar kasuwa a Kumasi, har abin ya kai ga buɗe masana'anta kusa da Tema a 2017 mai sayar da takin da ake kira Fortifer. Wannan aiki ne na ƙwararru masu ɗakin gwaji, ba na mai raino a bayan gida ba, kuma ga yawan buntu da kashin dabbobi da muke da su, ban ga abin da zai kai mu can da gaggawa ba.

Ƙorafi biyu ne nake ganin suna da nauyi. Na farko, wannan shara da nake ta yabo ba marainiya ba ce. Kashin shanu manomin gero na jiransa, buntu masu kiwon kaji na shimfiɗa shi, wasu na hura wuta da shi, ɓawon gyaɗa ma ana haɗa abincin dabbobi da shi, kuma tun da takin buhu ya yi tsada kowa ya waiwayo. Haka ne. Amma a koma ga lissafinmu na farko: leda miliyan 1 ba ta bukatar fiye da lita dubu 500 na taki, wato abin da bai fi ƙarfin sharar babbar kasuwa guda ba idan aka tara ta na 'yan watanni. Bukatar mai raino ƙanƙanuwa ce idan aka gwada ta da ta gona, ribarta kuma itace ne da zai shekara hamsin. Na biyu ya fi zurfi. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka nuna cewa idan aka bar kututturan da ke cikin gona suka tofo, aka rage rassan aka bar masu ƙarfi, itace na dawowa ba tare da leda ko ban-ruwa ba. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, abin da babu wani shirin dashe a yankin da ya kama ƙafarsa. To me ya sa za a ci gaba da wahalar raino? Saboda kututture sai inda yake. Ba ya tofowa a harabar makaranta ko gefen titi ko tudun rairayin da ya riga ya mutu, kuma ba ya ba ka mangwaro mai aure ko lemo. Inda akwai kututture a bar shi ya yi aikinsa, ya fi arha, ya fi tabbas. Inda babu, dole a raina, kuma tunda kowane tsiro na leda ya fi tsada, ya fi cancanta a ba shi abin da zai rayu a kai. Tsakanin raino da raini, a rubuce, harafi ɗaya ne kawai, kuma abin da muke yi wa tsiro a wurare da dama ya fi kusa da na biyun.

Abin da ya rage shi ne lokaci, kuma a nan ne hukumomi suka fi tuntuɓe. Tsiron da za a dasa a Yuli, a Maris ko Afrilu ake shuka shi, wato a Fabrairu ake cika leda. Takin da za a cika ledar da shi kuwa yana bukatar wata uku zuwa huɗu, ke nan a Oktoba ko Nuwamba ya kamata a tara tsibi, daidai lokacin kaka, sa'ad da buntu da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa suka fi yawa suka fi arha. Amma kasafin kuɗin gwamnati a Janairu yake farawa, sakin kuɗin kuma sau da yawa sai bazara ta kawo jiki, lokacin da babu abin da ya saura ga ma'aikaci illa ya sa a haƙo ƙasar bayan katanga. Idan ma'aikatun muhalli na jihohi da hukumar Koriyar Ganuwa suna son tsiron baɗi ya bambanta da na bana, to kuɗin tara taki a kasafin bana ya kamata ya fito, a matsayin layi mai zaman kansa. Masu raino na kansu da ke gefen titunan Kano da Kaduna da Zariya, waɗanda da aljihunsu suke aiki kuma mai saye ke dawo masu idan tsiro ya mutu, ba su jiran kasafin kowa; su za su iya farawa da kakar nan, da buhu goma na buntu da baro biyar na kashin awaki.